Masu sauya jinsi da 'yan daudu a gaban doka: tambayoyi da amsoshi daga Abuja

Na daɗe ina aikin taimaka wa marasa galihu a harkar shari'a a nan Abuja, tsakanin caji ofis da harabar kotu. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawo mini daga masu sauya jinsi da 'yan daudu, da kuma iyayensu da yayyensu, waɗanda galibi su ne ke kirana da tsakar dare murya na rawa. Ban zo da fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na riƙe shi ne abin da doka ta rubuta da kuma yadda ake yi da mutane a zahiri, kuma tsakanin biyun akwai tafiya. Na bar "ka" da "ki" yadda mai tambaya ya kira kansa. Wanda shari'a ke gabansa ya nemi lauya, wannan shafi ba ya maye gurbinsa.

Wa ake nufi da mai sauya jinsi? Shi ne ɗan daudu, ko kuwa mata-maza?

Abu uku ne bakin mutane ya cakuɗa. Mata-maza halitta ce ta jiki, a haifi jariri ba a iya tantance namiji ne ko mace. Malaman fiƙihu sun san shi tun tuni da sunan hunsa, har rabon gadonsa sun yi bayani. Ɗan daudu kuwa Bahaushe ya daɗe da shi: namiji mai magana da rangwaɗa da sana'a irin ta mata, mai tuwo-tuwo a tasha, mai suyar kaji a gidan biki. Da yawansu maza suke ɗaukar kansu, da matansu da 'ya'yansu. Mai sauya jinsi shi ne wanda yadda ya san kansa a zuci ya saɓa wa jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa, ko ya sha magani ko bai sha ba, ko an yi masa aiki ko ba a yi ba. Akwai wanda aka haifa namiji yake rayuwa a mace, akwai kuma akasin haka.

Ba kuma ɗaya ba ne da luwaɗi ko maɗigo. Waɗannan magana ce ta wanda mutum yake nema, waccan kuwa ta yadda ya san kansa. Na dage a kan bambancin ne saboda a gaban alƙali yana da nauyi ƙwarai, ko da yake mai gora a titi ba ya tsayawa tambaya.

Laifi ne a dokar Najeriya mutum ya ce shi mai sauya jinsi ne?

Babu dokar tarayya da ta ce haka. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da aka rubuta a doka aka kuma faɗi hukuncinsa. Muryarka, tafiyarka da abin da ke ranka ba a rubuta su a matsayin laifi ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka saki jiki. Doka ba ta haramta ka ba, ba ta kuma kare ka da suna ba, sai aka bar wasu sassa da ake lanƙwasawa a kama mutum da su: sashen tufafi, sashe na 284 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan saduwar da ya kira ta saɓa wa ɗabi'a, da dokar hana auren jinsi. Amsoshi biyu na gaba sun yi bayaninsu.

Za a iya kama ni a Abuja saboda kayan da na sa?

Nan ne haɗarin ya fi kusa. Final Kod, wanda aka rubuta wa tsohuwar Jihar Arewa a 1959 ya fara aiki a 1960, shi ne har yau ke aiki a Babban Birnin Tarayya. Sashe na 405 ya jero waɗanda ya kira masu gararamba, ya sa a ciki namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a. Sashe na 407 ya ce hukuncin zai iya kai ɗaurin shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Ki riƙe kalmar nan, bainar jama'a. Ɗakinki ba bainar jama'a ba ne, kuma sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gida.

A 2022 ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Toro a Jihar Bauchi, Muda Lawal Umar, ya kai ƙudurin haramta shigar da ta saɓa wa jinsi a faɗin ƙasa, da ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba. Har yau ina haɗuwa da waɗanda suka ji labarin a rediyo suka ɗauka an zartar, har da masu kaki.

Akwai abin da lauya zai riƙe. Sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce launin fata, shekaru, aski ko kitso da salon shiga ba su isa hujjar zargin da za a tare mutum a caje shi ba. A Disambar 2020 kuma Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayi cewa dokokin gararamba irin waɗannan sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida tun 1983. Ni a ganina sashe na 405 ragowar mulkin mallaka ne da ya kamata a ce an binne. Amma yana nan a littafi, kuma wanda ke tsaye a shinge da daddare ba ra'ayin Arusha yake karantawa ba.

Dokar hana auren jinsi ta shafe ni, alhali ban yi aure ba?

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a ranar 7 ga Janairun 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren jinsi ɗaya, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, da shekara 10 ga mai kafa ko shiga ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya ko mai nuna irin wannan soyayya a fili. Ba ta ambaci masu sauya jinsi ko sau ɗaya ba. Matsalar ita ce hukuma tana kallon jinsin da ke takardarki ne, don haka duk wata alaƙa tsakaninki da namiji za a fassara ta da ta jinsi ɗaya.

Yadda aka fi amfani da ita shi ne a dira a wurin biki ko shagalin ranar haihuwa a ce ɗaurin aure ne. An kwashe mutum 53 a Zariya a 2017, an kama 76 a Gombe a Oktoban 2023. Irin wannan kame ya fi ƙarewa da tozarci a gaban kyamara, da asarar aiki da muhalli, fiye da hukuncin kotu.

Ina aiki a Abuja, ina kwana a Suleja. Dokar ɗaya ce?

A'a. Da ka wuce Zuba ka shiga Madalla, ka shiga Jihar Neja, ɗaya daga cikin jihohin Arewa 12 da suka kafa dokokin laifuka na Shari'a daga shekarar 2000. Kaduna ma tana ciki. Mararraba da Masaka kuwa Jihar Nasarawa ce, ba ta cikin 12 ɗin, haka ma Filato. A Abuja kotunan Musulunci aure da saki da gado suke saurara, kuma babu hukumar Hisba ta gwamnati. A Kano akwai doka tun 2000 da ta tanadi ɗaurin shekara 1 ko tara ga namijin da ya yi shiga ko ɗabi'ar mata, kuma Hisba na aiki da ita. Mai zuwa gida hutun Sallah ya san da wannan kafin ya hau mota a tashar Jabi.

An kama ni. Me zan yi a awannin farko?

Kada ka yi gardama, kada ka gudu, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ka faɗi sunanka, sannan cikin ladabi ka ce: "Ranka ya daɗe, ba zan yi bayani ba sai lauyana ya zo." Wannan ba taurin kai ba ne, sashe na 35(2) na tsarin mulki ne ya ba ka. Sashen ya kuma ce a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a yaren da kake ji, a kuma kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. A cikin Abuja da wuya a ce babu.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ƙara da cewa a sanar da danginka, a ɗauki bayaninka a gaban lauya ko wanda ka zaɓa, kuma sashe na 7 ya hana a kama wani a madadin wani. Ke nan ba a tsare ƙaninka ko mahaifiyarka don ka fito. Duka, tuɓe mutum tsirara don a ga "mene ne shi", ko barazanar jefa shi ɗakin da za a yi masa fyaɗe, duk azabtarwa ce a ƙarƙashin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, mai hukuncin da zai iya kai shekara 25. Ki nemi a ware ki daga ɗakin maza, ki maimaita buƙatar a gaban lauya don ta shiga rubuce.

Beli a caji ofis kyauta ne a doka. Na san sau nawa ake karɓar kuɗi, kuma ba zan ga laifin wanda ya biya don ya tsira da lafiyarsa ba. Abin da nake roƙo shi ne a riƙe suna, rana, lokaci da adadin kuɗin, domin su ne jarin ƙorafi daga baya (duba amsar inda ake kai ƙara).

Wani da muka haɗu a intanet ya ɗauki hotunana, ya ce in biya ko ya tura wa dangina.

Wannan shi ne abin da ake kira kito, kuma ya zama sana'a ga wasu. A yaudari mutum zuwa wani ɗaki, a tarar da ƙarti suna jira, a doke shi, a ɗauke shi bidiyo, a kwashe kuɗin asusunsa. A doka wannan ƙwace ne, wani lokaci har da fashi da garkuwa, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta hukunta aika barazana don karɓar kuɗi. Abin da ke cikin hoton ba ya wanke mai barazanar.

Wanda ya biya sau ɗaya, za a dawo masa. Ka adana saƙonnin da lambar asusun da aka ce ka tura kuɗin, ka sanar da bankinka nan take idan an tilasta maka turawa, kuma kada ka je wurin 'yan sanda kai kaɗai. Na taɓa raka wani da ya shiga a matsayin mai ƙara, kafin la'asar ya koma wanda ake tuhuma saboda an buɗe wayarsa. Ka tafi da lauya. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin waya, kuma hedikwatar 'yan sanda da kanta ta sha hana jami'anta binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya.

Idan aka doke ni ko aka yi mini fyaɗe, doka za ta saurare ni?

A rubuce, ƙwarai kuwa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, tana aiki a Abuja, kuma ta fassara fyaɗe ta yadda ya shafi kowa, namiji ko mace. Hukuncinsa na iya kai ɗaurin rai da rai. Ta kuma hukunta duka, tsoratarwa da bibiyar mutum, ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Hukumar yaƙi da safarar mutane, wato NAPTIP, ce aka ɗora wa aiwatar da ita, don haka ƙofa ce ta biyu ga wanda ke tsoron caji ofis. A je asibiti kafin a yi wanka idan da hali, kuma cikin awa 72, domin a wannan tazarar ce maganin kariya daga HIV ke aiki.

Ba zan ɓoye muku girman abin ba. A Fabrairun 2014, wata guda bayan sa hannu a dokar auren jinsi, gungun matasa da sanduna suka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja, suka fito da maza sama da goma suka lakaɗa musu duka. A ranar 8 ga Agustan 2024 aka tsinci gawar wata mai sauya jinsi da aka sani a TikTok da laƙabin Abuja Area Mama a gefen titin Katampe zuwa Mabushi. Abin da ya fi ci mini rai bayan kisan shi ne yadda wasu suka cika intanet da murna. Sashe na 33 na tsarin mulki ya ce kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa, bai ce sai wanda muka yarda da halinsa ba. Ɗaukar doka a hannu kisan kai ne, ko mutum ɗari ne suka taru a kai. Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ma, a ƙudurinta mai lamba 275 na 2014, ta nemi ƙasashe su hukunta masu irin wannan ta'asa.

Mai gida ya ce in kwashe kayana kafin gobe, maƙwabta sun yi ƙorafi.

Ba shi da wannan ikon. A dokar karɓar gidan haya ta Abuja, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara na wata 6, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu dabam. Bayan ya ƙare akwai wani na kwana 7, sannan kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Cire ƙofa, yaye kwano ko watsar da kaya waje laifin mai gida ne. Ki adana rasit ɗinki da takardar haya a wurin wani amintacce.

Amma idan unguwa ta fara taruwa, ki bar gidan a daren, a yi shari'ar kuɗin haya daga nesa.

An sallame ni daga aiki bayan hotona ya bazu. Akwai abin yi?

Babu dokar ƙwadago da ta ambaci sauya jinsi, sai dai akwai hanya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, bisa sashe na 254C na tsarin mulki, tana sauraren ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki. Ko ba a kai can ba, albashin da ka yi wa aiki haƙƙinka ne, haka ma notis: mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Mafi yawan masu zuwa wurina a gidan abinci, shagon kitso ko wurin kwalliya suke, ba takardar ɗaukar aiki. Saƙon banki na albashi da saƙonnin WhatsApp na mai wurin suna iya zama shaida.

Asibiti na da ikon ƙin duba ni, ko ya tona mini asiri?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. Sashe na 26 ya ce bayanin majiyyaci sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta. Ma'aikaciyar jinyar da ta kira abokan aikinta su zo kallo ta karya amanar aikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sauya jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019.

Wata magana da ba ta doka ba, amma ba zan iya wuce ta ba. Da yawa suna sayen ƙwayoyin homon, masu sauya siffar jiki zuwa ta mace ko ta namiji, a kemis suna sha ba awo, wasu har allurar ƙara ƙugu a ɗakin da ba likita. Wannan na jawo daskarewar jini a jijiya, hawan jini da lalacewar hanta. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da kike sha, ko da kunya.

Zan iya canza suna da jinsi a katin ɗan ƙasa?

Suna, e, kamar kowa: takardar rantsuwa a babbar kotu, sanarwa a jarida, sannan a kai wa NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, da banki. Mai son abin ya tsaya da ƙafarsa ya sa lauya ya shirya takardar canjin suna a buga a gazet ɗin gwamnati. Jinsi kuwa, babu dokar da ta tanadi hanyar canza shi a takardun Najeriya. Kada ka yarda da mai cewa zai gyara maka ta bayan fage, domin takardar jabu laifi ce mai zaman kanta, kuma ita ce za ta ba mai neman kama ka hujjar da da ba shi da ita. Wannan giɓi ne ya sa a gidan gyaran hali ake ajiye mutum bisa jinsin haihuwa, kamar yadda aka yi da Bobrisky, mai shigar mata da aka sani a intanet, a 2024 bayan hukuncin ɗaurin wata 6 a kan wulaƙanta naira.

Ina zan kai ƙara, kuma sashen hana wariya ya haɗa da ni?

Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana wariya saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Bai ambaci sauya jinsi ba, don haka lauyoyi sun fi dogara da sassan da suka ce "kowane mutum": na 34 kan mutunci, na 35 kan 'yanci, na 36 kan adalcin shari'a. Sashe na 46 ya ba ka damar zuwa babbar kotu kai tsaye, kuma ƙa'idojin 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadinka.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Ƙorafi a kan ɗan sanda ana kai shi Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda. Kotun ECOWAS ma a nan Abuja take, kuma a 2017 ta ba wasu mata gaskiya da diyya bayan jami'ai sun kwashe su a titunan birnin nan da daddare sun kira su karuwai. Ka rubuta ƙorafinka a kan abin da aka yi maka, duka ne, ƙwace ne ko tsarewa. Ba dole ba ne ka ba da tarihin rayuwarka.

Ni uwa ce. Mahaifinsa ya ce ya sallama shi, ba shi ba gado, 'yan uwa kuma sun ce a kai shi gidan mari.

Hajiya, na san abin da ke ranki ya fi ƙarfin sashen doka, kuma ba zan ce ki canza abin da kika yi imani da shi ba. Ga dai abin da yake tabbas. A fiƙihu abubuwan da ke hana gado sanannu ne, kamar kashe wanda za a gada da bambancin addini. Fushin uba ba ya cikinsu, furucin "na sallama shi" ba ya yanke nasaba. Idan yaron bai kai shekara 18 ba, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye ci da shansa da matsuguninsa, korarsa titi saɓa doka ne. Idan ya wuce haka, kulle shi ko sa masa mari laifi ne a dokar VAPP, ko da iyaye ne suka ba da izini. Ki tuna abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma galibinsu danginsu ne suka kai su da niyyar gyara.

Waɗanda na ga sun fi faɗawa hannun masu kito da masu duka su ne waɗanda gida ya rufe wa ƙofa, suka koma kwana a kango ko ɗakin wanda ba su sani ba. Ko ba zai zauna a gidan ba, ki san inda yake kwana, ki bar layinki a buɗe, ki ajiye masa takardun makarantarsa da na haihuwa. Idan kuma aka kira ki daga caji ofis ko kotu aka ce mace ba ta tsaya wa mutum beli, ba gaskiya ba ne. Sashe na 167(3) na dokar 2015 da na ambata a amsar kame ya hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Ki tafi da katin shaidarki, da hotunanki ƙanana guda biyu, da takardar da ke nuna adireshinki.